Bidiyo ya ƙi buɗewa tunda aka sa min sabuwar Windows, a taimaka

Mai Shagon Caji:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana a taimaka min. Ina da ɗan shagon caji da tura fina-finai da karatun malamai a memori a wani ƙauye kusa da Ringim, to kwamfutata ta fara nauyi sai na kai ta birni aka goge ta gaba ɗaya aka sa min Windows 11, tunda an ce ta 10 an daina mata abdet tun Oktoban 2025. Na dawo gida wasu bidiyoyin in na danna sai murya kawai allo baƙi ƙirin, wasu kuma hoton na tafiya amma ba murya, alhali da duk suna yi lafiya lau. Wanda ya fi tayar min da hankali na ɗaurin auren ƙanwar maƙwabcina ne da aka ɗauka da iPhone, ni aka ba ajiya, an riga an goge a wayar kuma jibi dangi za su zo a tura musu. Ya lalace ne ko yaya?

Ɗan Gumel:
Wa alaikumus salam. Anya ba bairos ba ne kuwa? Ka sake fomatin ɗinta kawai.

Injiniyan Haɗejiya:
A'a ɗan uwa kar ka sake ka yi fomatin, ba bairos ba ne kuma in sha Allah bidiyonka lafiyarsa ƙalau. Kafin komai ka kwafe shi a filash ka ajiye gefe.

MP4 ko MOV da kake gani a ƙarshen suna kamar buhu ne, abin da aka zuba a ciki daban, shi ake kira kodek. Tun 2017 da iOS 11 ta fito iPhone ke ɗaukar bidiyo da HEVC, wato H.265, saboda ba ya cin waje kamar H.264, to manhajar kallo ta Windows ba ta karanta shi sai an sa mata HEVC Video Extensions daga Microsoft Store, kuma ta kuɗi ce, kusan dala 1. Wataƙila tsohuwar Windows ɗinka akwai abin a kanta ko ba ka sani ba, gogewar ce ta tafi da shi. Waɗanda ba sa murya kuma ina kyautata zaton kodek ɗin muryarsu AC-3 ne, wato Dolby Digital, don daga bugun 24H2 na Windows 11 in sabon sawa aka yi ba ya zuwa a ciki.

Ka sauke manhajar kallon bidiyo ta VLC, kyauta ce, ba ta cin data sosai kuma da nata kodek ɗin take zuwa. In ka buɗe bidiyon ka danna Ctrl da J za ta nuna maka irin kodek ɗinsa.

Mai Tura Fim Wudil:
Gaskiya injiniya ya faɗa, amma sana'armu ɗaya bari in ƙara maka. Ko ya buɗe a wajenka ba lallai ya buɗe a wayoyin dangin ba, musamman tsofaffin Android, gobe ka ga wata baba ta dawo maka da memori tana cewa ba ka tura komai ba. Ka sa manhajar juya bidiyo ta HandBrake ka juya shi zuwa MP4 mai H.264 da murya AAC, ka zaɓi Fast 720p30 ya ishi waya. Da rana za ka yi lokacin da sola ke da ƙarfi, don aikin na ɗaukar lokaci kuma kwamfutar na zafi sosai, ka ɗora ta kan benci ba kan katifa ba. Na asalin kuma kar ka goge. Mai iPhone ɗin ka ce masa ya shiga Settings, Camera, Formats ya mai da shi Most Compatible, don bidiyon da zai ɗauka nan gaba kar su zo da wannan matsalar.

Mai Shagon Caji:
Alhamdulillah ya buɗe da VLC, har muryar liman ta fito tar, Allah ya saka muku da alheri. HEVC ɗin ne kuwa. Yanzu na sa HandBrake yana kan kashi 30. Yayana na Wudil, masu ƙananan wayoyi na madanni fa, wannan ɗin zai yi musu ko sai na ƙara rage shi?