Ranar da kuka fara shiga shataletale ku kaɗai, yaya kuka ƙare?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati uku ke nan da na karɓi lasin, amma har yau idan zan tafi aiki ta lunguna nake bi, in ƙara kusan minti ashirin a hanya, don kawai kada in haɗu da shataletale. Ranar farko da na shiga ba malamin koyo a gefena, na iso bakinsa na tsaya ina jiran a ba ni hanya, ba mai ko kallona. Na baya suka ɗora hannu a kan hon. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne na yi ta maza na kutsa. Ina kaiwa tsakiya sai ga ɗan adaidaita ya sako kai ta damana, na taka birki don in ba shi hanya, na manta da kuloci, mota ta mutu. Ƙarfe takwas saura na safe, ranar Litinin, a Kano. Sau uku ina murza makulli hannuna na rawa. Wani direban bas ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in gado ka ci ka kai ta kasuwa mana." Don Allah wai wa ke da hannu a shataletale, na ciki ko mai shigowa? Kuma ku ba ni labarin taku ranar farkon, ko na ji sanyi a raina.

Maman Yara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, kai shiga ce ta gagare ka, ni fita ce ta gagare ni. A Kaduna ne, na ɗauko yara daga islamiyya. Na shiga lafiya lau, sai na manne da layin ciki, jikin da'irar nan, saboda nan na ga babu mai takura min. Da na zo daidai hanyar da zan fita sai na ga motoci sun yi min katanga ta dama. Na wuce. Na zagayo, haka. Na sake zagayowa, haka. Babbar 'yata tana baya tana ƙirgawa da ƙarfi, "Mama na uku ke nan." Wani mai sayar da ruwan leda a bakin hanya har ya gane ni, a zagaye na huɗu ya ɗago min hannu. Abu ɗaya da ya cece ni shi ne maganar da maigidana ya nanata min tun ina koyo, cewa in na wuce mafitata kada in kuskura in yi ribas, in sake zagayowa, man da zan ƙona bai kai kuɗin fenti ba. Daga baya na gane laifina: ban taɓa kunna sigina ba a duk zagayen nan. To wa zai san ina son fita?

Malamin Tuƙi:
Sabon Hannu, amsar tambayarka ba ta da kwana: wanda ya riga ya shiga shi ke da hannu. Tunda a dama muke tuƙi, masu zagayowa ta hagunka za su ɓullo maka, don haka hagu za ka kalla kafin ka shiga. Kurakurai biyu ka yi, kuma na biyun ya fi haɗari. Na farko, ka tsaya kana jiran wani ya ba ka hanya, alhali gurbi ake nema tsakanin mota da mota, idan ya samu ka shige. Na biyu, bayan ka shiga ka tsaya wa mai shigowa. Da na bayanka bai ankara ba da yanzu kana wajen mai gyara ana ciro maka bamba. Idan kana ciki ka riƙe tafiyarka a hankali, giya ta biyu ta ishe ka, ƙafarka kusa da birki, amma kada ka yi tsayuwar ba-zata sai in ka ga karo ne zai faru.

Maganar layi kuma, wadda ta kama Hajiya: tun kafin ka iso za ka yanke shawarar inda za ka fita. Idan mafita ta farko ce, ka zauna a layin dama da siginar dama a kunne. Idan ta hagu za ka ko komawa za ka yi inda ka fito, ka kama layin ciki, da ka wuce mafitar da ke kafin taka sai ka kunna siginar dama, ka duba madubin gefe, ka waiga da kanka kaɗan saboda babur da madubi ba ya nunawa, sannan ka zame.

Ni abin da ke damuna, mutum zai yi wata guda a fili yana zagaye tayoyi da duwatsu, ya iya ribas kamar da baya aka haife shi, amma ka nuna masa alama bai san ta ba. Alhali siffa da launi kaɗai sun ba ka rabin amsa. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce, tana ce maka ga abin da ke gabanka, idan ka ga kibiyoyi uku suna bin juna a cikinta shataletale ne. Zagayayyiya mai jan baki hani ce. Zagayayyiya shuɗiya umarni ce, abin da ta nuna shi za ka yi. Mai kusurwa uku da aka kifa kanta ƙasa, wadda za ka gani a bakin shataletale, ma'anarta ka ba da hanya. Ja mai kusurwa takwas kuma tsayawa ce cak, ko da tsakar dare ne babu kowa. Gudu a cikin gari bai wuce kilomita 50 a awa ba, shi ma ba a bakin shataletale ba.

Ɗan Sahu:
To ga mu nan mu masu laifi kullum. Oga Sabon Hannu ka yi haƙuri, wataƙila ma ni ne. Gaskiya ɗaya ce, mu ba fuskarka muke kallo ba, tayarka ta gaba muke kallo. Da mun ga tana ɗari-ɗari, ta matsa ta tsaya, mun san baƙo ne, sai mu shige. Ba ina cewa daidai ne ba, balas ne ke kora mu. Ni ranar da na fara shiga da keke fasinjoji uku ne a baya, wata dattijuwa tana ta salati har muka fita, da ta sauka ta ce in riƙe canjin in yi sadaka da shi.

Uwar Gida A Zariya:
Ni tambayata a kan jan harafin L ɗin nan ne. Ranar farko da shi na fita, gaba da baya, a Kwangila. Wallahi kamar na rubuta "ku zo ku ci zalina". Kowa so yake ya wuce ni. Washegari na ɓamɓare shi.

Malamin Tuƙi:
Hajiya, muddin takardar koyo ce a hannunki doka ce ki manna shi, kuma a samu mai lasin a gefenki. In kin karɓi lasin babu mai tilasta miki. Amma ki lura, wanda ya wuce ki saboda ya ga alamar ya ba ki tazara ke nan, ya fi wanda zai manne miki a baya yana zaton kin iya.

Na Bakin Kasuwa:
Ku duk dariya kuka sha, ni kuɗi na kashe. Tirela ce ɗauke da siminti a gabana, muka iso shataletale tare. Sai na ga ta buɗe ta yi hagu, ta bar fili a dama kamar an share min. Na ce Allah ya kawo, na zura kan mota. Ashe direban buɗewa ya yi don ya samu ya sha kwana zuwa daman. Ina gani bodin ya fara rufo ni, tayoyin baya suna matsowa a hankali, tsayinsu ya kai tagata. Na danna hon, ina! Ƙarar injinsa ta shanye. Sai da na haye kan dakalin gefen titi, duk da haka ta goge min ƙofar baya ta tafi da madubi. Direban ya sauko, dattijo ne, ko faɗa bai yi ba. Ya kama hannuna ya ce in hau mazauninsa in duba madubi. Na hau na duba, motata gaba ɗaya ba ta ciki. Ban ƙara cewa uffan ba.

Tsohon Direba:
Jikana ne ke rubuta min. Yaro, wannan direban ya yi maka karatun da ba a biya. Idan ba ka ganin fuskar direban babbar mota a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kuma tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, yankowa take yi ciki. A shataletale ka bar babbar mota ta gama nata, kai ka biyo baya.

Ku da kuke kukan ranar farko, mu ƙasa guda muka yi ranar farko tare. Ina yaron mota lokacin Gowon, ran 2 ga Afrilu 1972, aka mayar da tuƙi daga hagu zuwa dama, saboda Nijar da Kamaru da Cadi da Dahomi, wato Benin ta yanzu, duk a dama suke, mu kaɗai ne a hagu irin na Ingila. Shataletalen da maigidana ya shekara ashirin yana zagayawa ta hannu ɗaya, aka wayi gari ta ɗayan hannun zai bi. Sitiyarin motarmu kuma yana dama, ni nake leƙa masa hanya in zai wuce wata mota. Mutumin da ko a Legas ba ya tsoron titi, ranar na ga gumi yana ɗiga daga gemunsa. Kowa tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai bayan an saba, hannu ya fara komawa gidan jiya ba tare da mutum ya sani ba, musamman da asuba in titi babu kowa, a nan ne aka fi jin tsoro. Lokacin babu ma 'yan kiyaye haɗurra na tarayya, sai 1988 aka kafa su.

Ɗan Maraɗi:
Baba Allah shi ƙara lafiya. Ni tawa ta bambanta. A Nijar na yi permi, wato lasin, kuma a karatun da anka yi muna da Faransanci, mahaɗar da babu wata alama wanda ya fito ta damarka shi ke da hanya. Abin ya zauna min a kai. Da na shigo Katsina da motar yayana, ina cikin shataletale sai na riƙa tsaya wa duk wanda ya ɓullo ta dama, irin abin da Sabon Hannu ya yi, sai dai ni da hujjata. Yayana ya ce, "Kai, ba ka ga alamar ba da hanya a gabansu take ba?" Ko can gida haka ne, in akwai alamar a bakin shiga na ciki ke da hanya. Ni ne na riƙe rabin karatu.

Maman Yara:
Malam, in akwai jami'i a tsaye fa? Na taɓa zuwa fitilar danja ta ba ni kore, shi kuma ya ɗaga min hannu. Na rikice na wuce, ya bi ni da kallo har na ɓace.

Malamin Tuƙi:
Hannun jami'i yana gaba da fitila, yana gaba da alama. Kin ci sa'a kallo kawai ya bi ki da shi.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba a gaishe shi. Yau Lahadi bayan sallar asuba na ɗauki ƙanena muka tafi wancan shataletalen dai, titi fayau sai masu shara. Sau shida na shiga, kowane karo da mafitar da nake fita. Mota ba ta mutu ba ko sau ɗaya, sai dai sau biyu na kunna abin goge gilashi a maimakon sigina, ƙanena yana ta ƙyaƙyata dariya. Gobe Litinin in sha Allah ta nan zan bi, amma ƙarfe bakwai zan fita kafin 'yan makaranta su cika hanya. Ɗan Sahu, in ka ga farar Golf mai tsagaggen gilashin baya, don Allah ka ɗaga min ƙafa.

Ɗan Sahu:
Oga ba ni da alkawari, amma zan duba tayarka.