Abokina Bayahude yana musu da mahaifinsa, in yi masa magana?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Manchester, kuma ina da aboki Bayahude da muke shiri sosai. Ya gayyace ni cin abinci ranar Juma'a da daddare a gidansu, lokacin shigar Asabar ɗinsu, wato ranar hutunsu ta ibada. Ana cikin ci mahaifinsa ya kawo wata magana ta addini, sai yaron nan ya ce ba haka malamai suka rubuta ba. Suka yi ta ja-in-ja, uban yana murmushi, ni kuwa loma ta ƙi wuce min. In ja shi gefe in yi masa nasiha, ko a addininsu wannan ba rashin kunya ba ne?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Girmama iyaye yana cikin Dokoki Goma na Attaura, kuma Talmud, wato littafin bayanin malamansu na dā, a sashen da ake kira Kiddushin, ya raba shi gida biyu. Akwai hidima, wato ci da sha da sutura da rakiya. Akwai kuma jin nauyi: ɗa ba ya zama a mazaunin uba, ba ya ƙaryata maganarsa. Amma a nan ɗin dai aka ce idan uba ya saɓa wa Attaura, ɗa ba zai yi shiru ba, kuma ba zai ce masa ka yi laifi ba. Zai tuna masa nassin ne cikin ladabi, ya bar shi ya gano da kansa. Sannan sun ce uba yana iya yafe girmansa, kuma in ya yafe, ya yafu. Wannan murmushin da ka gani, ina zaton izini ne. Uba da yawa a cikinsu alfahari yake ɗansa ya iya kafa hujja.

Hajiya daga Maraɗi:
Ni dai, ɗana, gaban baƙo ɗin ne bai yi min ba. Annabi Ibrahim ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya mai ɗaci a Suratu Maryam, amma sau huɗu yana cewa "ya babana". Faɗin gaskiya halal ne, ɗaga murya ne abin tsoro. Ya ɗaga?

Ɗan Zariya:
Hajiya, su ma a kan wannan suka tsaya. Suna da labarin ɗa biyu. Ɗaya yana ciyar da ubansa kaji masu ƙiba, amma da baƙar magana, aka ce wuta zai shiga. Ɗayan ya sa ubansa niƙa a dutse, shi ya tafi aikin tilas na sarki a madadinsa, aka ce ɗan aljanna ne. Har a aure, babban malaminsu Moshe Isserles na birnin Krakow a Poland, wanda ya rasu a 1572, ya yanke cewa idan uba ya hana ɗansa auren matar da yake so, ba dole ne ɗan ya bi ba. Haka nan in iyaye suka ce a keta Asabar, ba a bin su.

Malamin Tarihi:
Don haka shawarata, kada ka je masa da wa'azi. Tambaye shi yadda suke fahimtar abin a gidansu, ka kuma ba shi labarin yadda muke durƙusawa mu gaida namu. In ka dawo, ka amsa wa Hajiya tambayarta, don ni ma ina son ji.