Sabon tsarin zaɓen majalisar Wales: abin da masana suka tattauna

Masanan sun fi ja wa ƙananan jam'iyyu kunne. Dokar 2024 ta ƙara kujerun Senedd, wato majalisar Wales, daga 60 zuwa 96, mazaɓu 16, kowace da wakilai 6, daga zaɓen Mayun 2026. Jam'iyya ake dangwala wa, ita ke jera 'yan takararta.

Wajen rabon kujeru, ana raba ƙuri'un jam'iyya da adadin kujerun da ta riga ta ci haɗe da ɗaya. Wadda ta haura kashi ɗaya cikin bakwai na ƙuri'un mazaɓa ta tabbatar da kujera, don haka jam'iyyu masu ra'ayi ɗaya in suka rarrabu, sai su tashi a tutar babu. Ɗan takara kuwa, in an ajiye shi na huɗu a jeri, da wuya ya shiga majalisa.