Gardamar guga tsakanin jika da kaka, a raba mu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Gardama ce ta kaure a gidanmu nan Birni. Ɗiyata da ke lise ta dawo da zancen wai mushensu ya ce in mutum ya kai tsakiyar duniya, ba shi da nauyi ko na ƙwayar gero. Baba kuwa, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ginar rijiya, ya ce shirme ne, shi da hannunsa ya san guga ya fi nauyi in yana can ƙasa. Jiya har tuwo ya ture. Ni ɗinki na sani. Me zan gaya musu, ban kunyata tsoho ba, ban kuma kashe wa yarinya gwiwa ba?

Wani malamin fizik: Wa alaikumus salam. Malam, ɗiyarka tana kan daidai. Ba daga wuri guda ƙasa ke jan mu ba, kowane dutse yana ja gwargwadon girmansa, har waɗannan manyan na Birni. In ka nutsa, abin da ka baro sama ya kewaye ka kamar ɓawo, jansa yana kashe juna, na ƙarƙashinka kaɗai ke aiki. Wani masani, Newton, ya tabbatar da haka da lissafi tun 1687. A tsakiya, wajen kilomita 6,370 daga nan, ko'ina ana jan ka daidai wa daida, ina nauyi zai fito?

Wata ɗalibar jami'a: Mushe, a yi mini afuwa in ƙara. Ba daga bakin rijiya nauyin ke fara raguwa ba. Duniya kamar goriba take, ƙwallon cikinta ƙarfe ne, ya fi dutsen sama nauyi nesa ba kusa ba. Kana kusantarsa yana ƙara jan ka. A ma'aunin masana, ƙarfin jan a nan sama 9.8 ne, a zurfin kilomita 2,900, bakin ƙwallon, ya kai wajen 10.7, daga nan ne yake sauka har ya ƙare. A 1854 wani masani a Ingila, Airy, ya gwada a ramin kwal, ya tarar jan ya ɗan fi na sama. Kun ga Baba bai faɗi ƙasa warwas ba.

Wani ɗan Kasuwar Dole: Ke nan buhun kilo 100 sikeli zai nuna wajen 109? A nuna mini hanya in kai gero.

Ɗalibar: Alhaji, sikelin ne zai ruɗe, tiya ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Kuma ramin da ya fi zurfi da aka taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, kilomita 12 da ƴan kai ne, zafi ya tsayar da su.

Wata hajiya: Ɗana, bar lissafin nan. Abin da tsohonku ke ji gaskiya ne, amma igiya ce. Guga na ƙasa, igiyar duka na rataye a hannu, ga ta jiƙe sharkaf; yana hawowa tana taruwa a bakin rijiya. Kada ka bar yarinya ta faɗa masa gaban mutane. Ta kai masa goro, ta tambaye shi nauyin igiya gaba ashirin, shi da bakinsa zai faɗa.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, haka aka yi da la'asar. Ya yarda da batun igiya. Na tsakiyar duniya kuwa, ya ce sai mushen ya je ya dawo.