Neman kalmar Hausa: me za mu kira "nomal" ɗin likita?

Jama'ar Zango, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. Makon jiya na raka Mma wani asibiti a nan Kumasi karɓar sakamakon gwajin jini. Likita ya duba takarda ya ce komai "nomal". Na juya na ce, "Mma, ya ce lafiya lau." Ta dube ni ta ce, "Lafiya lau? To ciwon ƙugun da ke hana ni barci fa, na wane ne?" Har muka sauka a Aboabo maganar tana cina. Likita bai faɗi ƙarya ba, tafintar tawa ce ta karkace.

Lafiya ta fi ƙarfin takardar gwaji. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 1948 ya ce lafiya ita ce cikakkiyar walwalar jiki da hankali da zaman mutum cikin jama'a, ba rashin cuta kaɗai ba. Mu ma haka muke gaisuwa: an tashi lafiya, iyali lafiya, kasuwa lafiya, gari lafiya. Wace allura ce za ta ɗebo wannan ta zuba a kwalba?

Abin da likita ke nufi ƙarami ne. Kusa da kowane gwaji akwai lamba biyu, ta ƙasa da ta sama. Galibi ana samo su ne ta hanyar auna mutane masu ƙoshin lafiya, a ɗauki 95 cikin 100 da suka faɗo tsakiya, a bar na gefe da gefe. Ke nan mutum ɗaya cikin 20 zai faɗo waje alhali garau yake. Sannan su wa aka auna? Da yawa daga cikinmu 'yan Afirka ta Yamma, wani nau'in fararen ƙwayoyin jininmu bai kai na Turawa yawa ba, gado ne, ba ciwo ba. In aka gwada mu da lambar da aka samo a jikinsu, sai a ɗaga mana hankali a banza.

Iyakar ma tana motsi. A 2017 likitocin zuciya a Amurka suka sauko da iyakar hawan jini daga 140/90 zuwa 130/80, saboda haɗarin da suke hange. Jinin mutane bai canja a daren ba, layin aka matsar.

Wasu sun ce mu ce "daidai". Ina tsoronta, domin kishiyarta "ba daidai ba", kuma wannan a kunnen Bahaushe laifi ne. Ku tuna yarinya mai jinin AS, wato tana ɗauke da gadon sikila amma ba ta ciwon, ana shirin aurenta, a ce mata jininta ba daidai ba ne. Wannan kalma za ta bi ta har gidan surukai.

"Yadda aka saba" ma ba ta yi ba. Hawan jini ya zama ruwan dare a tsakanin dattawanmu, sabon da aka yi da shi bai hana shi jawo shanyewar ɓarin jiki ba. Wani malami ya kawo "mizani". Allah ya ƙara wa Malam sani, kalma ce mai kyau, sai dai mizani sikelin ne, ba abin da ya nuna ba.

Ni dai na tsaya kan "zangon awo". Zango wurin yada kayan fatake ne, kuma tazara ce daga nan zuwa can, shi ya sa ake cewa dogon zango da gajeren zango. Yana da mafari, yana da iyaka, mutane ne suka shata shi. Wata 'yar'uwa daga Asawase ta ce a garin nan in ka ce "ya fita zango" za a zaci ƙaura aka yi. Gaskiyarki, Yaya. Don haka kada a yar da "awo": awonka yana cikin zango, ko awonka ya haura zango.

Daren jiya na koma wurin Mma na gyara. Na ce, "Mma, awon jininki yana cikin zango, amma ciwon ƙugu ba a gano shi ba tukuna." Ta ce to, ranar Litinin mu koma, wannan karon ita za ta nuna masa wurin da hannunta.