Tace ruwa da gawayi: abin da masana suka tsayar

A wata tattaunawa kan tace ruwa da gawayi, masana sun fara da bambance gawayin girki da gawayin da aka sarrafa. Na biyun ana bi da shi ta tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, sai ƙananan ramuka su buɗe a jikinsa, har faɗin bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya kan kai murabba'in mita 1,000. A ramukan nan ne kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta), wari, rini da ragowar maganin ƙwari suke maƙalewa. Gawayin girki ma yana kamawa, amma kaɗan, wanda kuwa aka dunƙule da sinadarin kunna wuta kada ya kusanci ruwan sha.

Inda aka fi daɗewa shi ne saurin ruwa. A wanke gawayin sai baƙar ƙura ta daina fita, a sa yashi a gabansa don laka kada ta toshe ramukan, sannan ruwan ya ɗauki kamar minti 10 yana ratsa shi. In gawayin bai zauna daidai a mazubi ba, ruwa kan yanke wa kansa hanya ta gefe ya wuce yadda ya shigo.

Gawayi ba ya cire gishiri ko nitiret (sinadarin da kan shiga ruwa daga taki), kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta, har ma sukan hayayyafa a cikinsa tunda ya cinye kulorin. Don haka a tafasa ruwan bayan tacewa. Fuloraid kuwa, sinadarin da yawansa ke ɓata haƙora, sai gawayin ƙashi ke cire shi.

Da wari ko ɗanɗano ya dawo, ramukan sun cika, a canja shi. Shanya a rana ba ta farfaɗo da shi.