Taƙaitawar Ra'ayoyi Kan Rubutun Katun ɗin Batman

Ga abin da aka tattaro daga muhawarar da matasan marubuta da wasu iyaye a Jos suka yi kan katun ɗin Batman da aka fara haskawa a Amurka a 1992.

1. Kusan kowa ya amince cewa ƙarfin shirin yana cikin yadda aka rubuta miyagunsa. An fi kawo misali da Mr. Freeze, wanda marubuci Paul Dini ya sabunta labarinsa, ya mai da shi masanin kimiyya mai neman fansa a kan wanda ya raba shi da matarsa marar lafiya, har mai kallo ya tausaya masa ba tare da ya goyi bayan ta'asarsa ba. Kashin shirin da ke ɗauke da wannan labari ya ci kyautar Emmy, lambar yabo ta talabijin a Amurka, a fannin rubutu a 1993. Shawarar da aka fitar, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ita ce marubuci ya fara gina dalilin mugu tukuna.

2. Yawancin sassan shirin suna kammala labarinsu cikin kimanin minti 22, saboda haka marubuta su rage dogon surutu.

3. An rabu a kan yara ƙanana. Wasu iyaye sun ce duhun hotunan, waɗanda aka zana bangonsu a kan baƙar takarda, da harbe-harben bindiga sun yi wa yaro nauyi. Wasu kuwa suka ce babu laifi muddin babba yana kusa yana bayani.

4. Masu fassara zuwa Hausa su daina cusa barkwanci a wuraren da marubutan suka bar shiru da gangan.